Sandar besbol ta itace da ta ƙarfe: yadda manyan kamfanonin suka tsaya

Wanda ya ɗauki sandar besbol ta itace, idonsa kan tambarin kamfani yake fara sauka. Alhali abin da ya fi cancanta ya nema yana can ƙasa wajen mariƙi, kamar inci 12 daga gindi: wani ɗigon tawada da bai wuce kan ƙusa ba, wanda aka bari a fili ba a shafe shi da fenti ba. Idan aka ɗiga tawada a kan itace, takan bi jijiyarsa ta ja ɗan siririn layi. In layin ya miƙe tsaf ya bi tsawon sanda, itacen na kirki ne. In ya karkace gefe, sandar nan za ta rabe biyu wata rana, ko da sunan wane kamfani ne a jikinta.

Wannan ɗigon yana da tarihi. Shekara da shekaru icen ash ne ke mulkin filin besbol a Amurka. A wajajen 1997 wani masassaƙi a Ottawa ta Kanada, Sam Holman, ya fara sassaƙa sanda da icen mapul, Joe Carter na Toronto Blue Jays ya shiga fili da ita. Da Barry Bonds ya buga ƙwallo 73 ta tsallake katanga a kakar 2001 da sandar Sam Bat, kamfanin Holman, sai 'yan wasa suka yi caa a kan mapul. Kamfanoni suka shiga rububin itacen, mai kyau da maras kyau duk aka zuba wa inji. Kafin 2008 sanduna na ta tarwatsewa a fili, gutsattsari masu tsini na tashi su nufi mai jifa ko 'yan kallo. Hukumar MLB, mai gudanar da babbar gasar besbol ta Amurka, ta tattara karyayyun sanduna sama da 2,000 a cikin 'yan watanni, ta miƙa wa masana itace, ciki har da na ɗakin binciken katako na gwamnatin Amurka da ke Madison a jihar Wisconsin. Abin da suka gano shi ne laifin na karkatar jijiya ne. Daga 2009 aka kafa doka: sandar mapul ko ta icen bach da za a shiga da ita babbar gasa dole ta ɗauki ɗigon tawada, kuma karkatar jijiyar kada ta wuce digiri 3, wato kamar inci 1 a cikin kowane inci 20. Haɗarin bai gushe nan take ba, don a Satumban 2010 wani gutsuren sanda ya soki Tyler Colvin na Chicago Cubs a ƙirji yana gudu zuwa gida, wato zangon ƙarshe da ake cin maki. Amma yawan sandunan da ke tarwatsewa ya ragu ƙwarai.

Shi ya sa duk hukuncin da za a yanke wa kamfanin sandar itace daga nan yake farawa: wane irin itace yake ware wa ɗan wasan MLB, wane iri yake tura wa shago, kuma tazarar da ke tsakani nawa ce.

Itatuwan uku halinsu daban. Ash yana da sauƙin nauyi, yana ɗan lanƙwasa lokacin bugu, kuma yana gargaɗi kafin ya mutu: zoben shekarunsa ke fara ɓarewa a kan sandar kamar ɓawo. Matsalarsa yanzu ta samuwa ce, domin wani ƙwaro mai huda itace da aka fara gani a Michigan a 2002 ya kashe miliyoyin bishiyoyin ash, har ya isa dazuzzukan iyakar Pennsylvania da New York inda ake samun mafi kyawunsa. Mapul ya fi tauri da cunkushewa, fuskarsa ba ta ɓarewa, ƙararsa ta fi kaifi. Sai dai ba ya gargaɗi, tsagar tana ɓoye a ciki har ranar da zai balle gaba ɗaya, kuma da yake ana busar da shi sosai don a rage nauyi, yana shan laima ya ƙara nauyi in an ajiye shi a wuri mai danshi. Bach na tsakiya ne. Sabuwarsa tana ɗan lotsewa a bugun farko-farko, sai fuskar ta daddale ta yi tauri. Ga wanda ke koyon bugu da itace, wanda ƙwallo ke yawan samunsa a ƙarshen sanda ko kusa da hannu, bach ya fi yafiya, kuma kamfanin B45 na Quebec a kan wannan itacen ya gina sunansa.

Louisville Slugger ne babban gida. Iyalin Hillerich a Louisville ta jihar Kentucky sun fara sassaƙa sanda a 1884, aka yi rajistar sunan a 1894, a 1905 kuma Honus Wagner ya sa hannu aka riƙa buga sunansa a jikin sanda. A 2015 kamfanin Wilson ya sayi sunan kan dala miliyan 70, amma Hillerich & Bradsby, kamfanin iyalin, shi ne ke ci gaba da sassaƙa na itacen a Louisville. Ƙarfinsu shi ne taskar siffofi. Tsarin lambobin da kusan kowane kamfani ke amfani da shi yau daga wurinsu ya fito: harafin farko na sunan ɗan wasan da aka fara yi wa siffar, sai lamba. Layinsu na sama, Prime, itace ne mai kyau, da ɗigon tawada da fenti mai tauri. Inda mai saye ke ruɗewa shi ne suna ɗaya ne a jikin sandar da ta haura dala 150 da wadda ba ta kai dala 50 ba. Mai arahar ba yaudara ba ce, sandar atisaye ce, an yi ta da itacen da bai ci jarrabawar sama ba. Wanda ya saya yana zaton irin ta 'yan MLB ce, shi ya cuci kansa.

Marucci a bayan gida ya fara. Jack Marucci, mai kula da lafiyar 'yan wasa a lokacin a jami'ar LSU da ke Baton Rouge, ya sassaƙa wa ɗansa sanda a 2002, bayan shekara biyu aka kafa kamfani. Abin da ya ja manyan 'yan wasa gare su shi ne daidaito: in ka yi odar dozin, goma sha biyun nauyi ɗaya, ji ɗaya a hannu. Suna kuma goge kan sanda da ƙashi kafin fenti don a danne fuskar itacen ta yi tauri, tsohuwar dabara ce da 'yan wasa ke yi da kansu tun da can. Siffofinsu biyu da suka fi yawo su ne AP5, ta Albert Pujols, mai babban kai da nauyi a gaba, da CU26, ta Chase Utley, siririya mai saurin juyawa. A 2017 suka sayi Victus na King of Prussia a Pennsylvania, kamfanin da ya yi suna da fenti mai ƙyalli da launuka masu ɗaukar ido, kuma daga kakar 2025 Marucci da Victus ne suka karɓi matsayin sandar hukuma ta MLB daga hannun Louisville Slugger. A ganinmu, ga mai neman mapul daga shago ba tare da oda ta musamman ba, waɗannan biyun ne suka fi kusanta abin da ke kan kanta da abin da ke hannun ƙwararru. Fentin Victus yana da tauri da gaske, amma kada kyan launi ya hana ka neman ɗigon tawada.

Sam Bat, wanda yanzu yake Carleton Place a Ontario, har yau mapul ne sana'arsa, kuma siffar 2K1 ta Bonds tana nan. Old Hickory na Goodlettsville a Tennessee ƙaramin gida ne idan aka kwatanta, Mike Trout ya daɗe yana bugu da sandarsu. Waɗannan sun fi dacewa da wanda ya riga ya san abin da yake so, tsawo kaza, nauyi kaza, kaurin mariƙi kaza, yana kuma iya jiran oda. A Japan kuwa Mizuno ne a gaba, da masana'antarsa ta Yoro a lardin Gifu, inda gwanin masassaƙi Isokazu Kubota ya yi wa Ichiro Suzuki da Hideki Matsui sanduna shekaru da yawa. Ichiro a cikin akwati mai tsotse laima yake yawo da nasa, kuma wannan ya isa ya nuna yadda danshi ke canza nauyin sanda.

Batun siffa ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne yawancin kuɗi ke asara. Dokar MLB ta ce sanda ta zama itace guda ɗaya, kaurinta kada ya wuce inci 2.61, tsawonta kada ya wuce inci 42. A cikin wannan iyaka akwai siffar 110, mai kaurin mariƙi kusan inci 1 da nauyi a baje, ita ce ta fi jure wahala. Akwai 271, wadda Ken Griffey Jr. ya shahara da ita, mai matsakaicin kai da gindi mai buɗewa a hankali. Akwai 243 da I13, masu babban kai da nauyi a gaba. Ga lissafin da masu talla ba sa faɗa: in ka nemi babban kai, ka kuma nemi sandar ta yi sauƙi, ba yadda kamfani zai yi sai ya zaɓo guntun itace maras cunkushewa, wato mai rauni. Ka haɗa wannan da siririn mariƙi, ka samu sandar da za ta karye a makon farko. Guntun da ya fi nauyi da tauri siffa mai ƙaramin kai ake yi da shi. Saboda haka mai inci 33 da oza 31 a siffar 110 za ta binne mai inci 33 da oza 30 a siffar 243 sau da yawa, ko da daga kamfani ɗaya suka fito. Ramin da ake ƙwaƙulewa a ƙarshen kai, wanda doka ta iyakance zurfinsa a inci 1 da kwata, yana rage ɗan nauyi daga gaba, yana ba masassaƙi damar amfani da itace mai cunkushewa ba tare da sandar ta gagari hannu ba.

Siffar da ake kira torpedo, wadda ta yi tashe a ƙarshen Maris na 2025 bayan New York Yankees sun buga ƙwallo 9 ta tsallake katanga a wasa ɗaya da Milwaukee Brewers, wannan lissafin dai take bi. An janye itace daga ƙarshen kai an tara shi kusa da hannu, inda wasu 'yan wasa suka fi haɗuwa da ƙwallo. Aaron Leanhardt, masanin kimiyyar fiziks, shi ya tsara ta. Kusan kowane kamfani ya fitar da tasa cikin 'yan makonni. Tana amfanar wanda ƙwallo ke yawan cin sa ta ciki. Wanda ke bugu da ƙarshen sanda, ta rage masa ne.

Ko wace siffa ce, riƙon ɗaya ne: tambari ya kalli sama ko ƙasa a lokacin bugu, kada ya fuskanci ƙwallo. A ash ana buga tambarin a fuskar jijiya don ƙwallo ta samu gefenta. A mapul, tun dokar 2009, an juya tambarin kwata don ƙwallo ta samu fuskar. Kamfani ya riga ya yi maka wannan aikin, naka kawai ka duba hannunka.

Sandar ƙarfe kuma wata duniya ce. Hukumar wasannin jami'o'in Amurka, NCAA, ta halatta alminiyum a 1974 don rage kuɗin da makarantu ke kashewa kan karyayyen itace. Easton ya zo da koriyar sandarsa B5 a 1978 ya mamaye kasuwa. Sirrin shi ne bututu ne mai rami: bangonsa na lotsewa ya dawo a lokacin bugu, ya mayar wa ƙwallo ƙarfin da itace ke cinyewa. Kamfanoni suka yi ta sirantar da bango da haɗin alminiyum mai ƙarfi, Ray DeMarini ya zo da bango biyu a 1993, abin ya yi ta hauhawa har wasan ƙarshe na gasar jami'o'i a 1998 ya tashi 21 da 14 tsakanin jami'ar USC da ta Arizona State. Masu jifa kuwa suna tsaye ƙafa 60 da 'yan kai daga mai bugu, ba lokacin kaucewa. Ƙarshenta aka kawo ma'aunin BBCOR, mai iyakance ƙarfin da sanda ke mayar wa ƙwallo, jami'o'i a 2011, sakandare a 2012, kuma a shekarar farko bugun da ke tsallake katanga a jami'o'i ya ragu kusan rabi.

Ma'anar wannan ga mai saye babba ce. Duk sandar da ke ɗauke da hatimin BBCOR .50 rufi ɗaya gare ta. Kaurin kai bai wuce inci 2 da biyar cikin takwas ba, kuma nauyi a oza bai gaza tsawo a inci da fiye da 3 ba, wato inci 33 oza 30. Mai dala 500 da mai dala 200 duk a ƙarƙashin rufin nan suke. Abin da ƙarin kuɗin ke saya maka shi ne faɗin wurin da bugu ke yin daɗi, da inda nauyi ya zauna, da yawan zogin da ke isa tafin hannu. Waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne, amma duk tallan da ya yi maka alkawarin tashin ƙwallo fiye da na kowa, ka san doka ta riga ta ɗaure shi. Na yara kuma hatimi biyu ne da ba a musanya su: na USA Baseball, wanda ya fara aiki 1 ga Janairun 2018 kuma gasar yara ta Little League ke bi, da na ƙungiyar wasanni ta USSSA mai lamba 1.15, wanda ya fi zafi nesa, wato sandunansa sun fi cilla ƙwallo. Iyaye da yawa kan sayi mai tsada da hatimin da gasar ɗansu ba ta karɓa, alƙalin wasa ya fitar da ita tun kafin jifar farko. A tambayi gasa tukuna, sannan a je shago.

Gini iri uku ne. Alminiyum guda ɗaya daga gindi zuwa kai ya fi tauri da arha, yana aiki tun ranar da aka ɓare ledarsa, amma in ƙwallo ta same ka a wajen da bai dace ba, za ka ji ta har gwiwar hannu. A nan Marucci ya yi fice da layin CAT, saboda dunƙulen gindinsa an yi shi ne don ya shanye girgiza, kuma yana shanyewa. Voodoo One na DeMarini ta fi sauƙin juyawa, ta dace da mai saurin hannu. Omaha ta Louisville Slugger tsohuwar amana ce, ba ƙyale-ƙyale, kuma in kuɗi ne ma'auni da wuya a doke ta. Na biyu shi ne na zaren kabon, yawanci gida biyu da mahaɗi a tsakiya: Meta ta Louisville Slugger, CF ta DeMarini, Icon ta Rawlings, da Hype Fire ta Easton wadda ta yi tashe a wasan yara na USSSA. Su ne suka fi laushi a hannu da faɗin wurin bugu, su ne kuma suka fi tsada da saurin lalacewa. Na uku gauraye ne, kan alminiyum da mariƙin kabon, kuma The Goods ta DeMarini ce abin misali: nauyinta a gaba yake, mai ƙarfi zai more ta, yaron da ya shigo BBCOR jiya za ta ja masa hannu ƙasa ya riƙa makara.

Yana da kyau a san cewa sunayen sun fi masu su yawa. Wilson ya sayi DeMarini a 2000, shi ke da Louisville Slugger kuma. Easton ya koma ƙarƙashin Rawlings. Marucci da Victus gida ɗaya ne, wanda Fox Factory ya saya a 2023 kan dala miliyan 572.

Yadda suke mutuwa ma daban ne. Alminiyum lotsewa yake yi, kuma ana gane shi ta hanyar shafa tafin hannu a kewaye da kai, ko zura zoben awo in akwai. Kabon tsagewa yake yi, sai dai a bambanta tsagar fenti, mai kama da saƙar gizo a sama-sama, da tsagar da farce ke shiga cikinta. In ka girgiza sanda ka ji wani abu na kaɗawa a ciki, sau da yawa ɗan gutsuren gam ne ya balle daga murfin kai, ba lallai ta mutu ba. Amma in murfin ya fara ɗagowa, ko mahaɗin tsakiya ya fara motsi in an murɗa, ta gama. Sabuwar kabon tana son a hore ta da bugu 150 zuwa 200, a fara da rabin ƙarfi, ƙwallo na ɗore a kan turke, ana juya ta kaɗan bayan kowane bugu don zaren ya saki ko'ina daidai. Sanyi maƙiyinta ne: ƙasa da digiri 15 na Celsius ƙwallo na ƙara tauri, bangon kuma ba ya lanƙwasa yadda ya saba. Ƙwallayen roba masu ramuka na injin atisaye suna cin kai, haka ma kaɗe ƙasar takalmi da sanda. Masu matse sanda a inji ko kankare cikinta don ta ƙara zafi suna karya doka, suna kashe garanti, suna kuma sa ran ɗan mutane da ke tsaye yana jifa cikin haɗari.

Hatimi ma ana iya janye shi. A farkon 2020 aka soke izinin Meta ta BBCOR mai inci 33 ta wannan shekarar, saura tsawon aka bar su. Wanda zai sayi sandar hannu, ya duba jerin waɗanda aka soke kafin ya biya.

Garantin ƙarfe da kabon yawanci shekara ɗaya ne, canji sau ɗaya, kuma sai da rasiti daga dillalin da kamfani ya amince da shi. Na itace, in ma akwai, wata ɗaya ne ko ɗan fiye. Wanda ke son jin itace amma ya gaji da karyewa, Baum Bat na yin sandar haɗi mai fatar itace wadda ke jure dukan da zai kashe mapul da yawa, tana kuma da hatimin BBCOR. Wanda gindin sanda ke ƙuje masa tafin hannun ƙasa, ya gwada mariƙin Axe Bat mai siffar ƙotar gatari, wanda Mookie Betts ya yi amfani da irinsa. Ba kowa ke sabawa da shi ba, don yana tilasta riƙo ɗaya tak, saboda haka a juya shi sau ashirin ko talatin kafin a yanke shawara.

Sandar itace kuma a jingine ta tsaye, gindi a sama, a cikin ɗaki, ba a bayan mota ba. Kafin kowane wasa ka riƙe ta ta kai da yatsu biyu, ka ƙwanƙwasa gindin a kan siminti a hankali. Lafiyayya ƙara ɗaya take yi, tsaf. Mai tsaga a ciki za ka ji ta yi wani zizar da ke tafiya har yatsunka, ko da fentin bai nuna komai ba, kuma wannan ba a shiga fili da ita.